Jemagun Jami'a: Masu Neman Digirin Digirgir da Zaftare Kuɗin Bincike a Amurka

A watan Maris na 2025, wasu matasa da makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Worcester ta ba gurbin karatun digirin digirgir suka sake samun wasiƙa. Ta farko barka da zuwa ta yi musu, ta biyun kuwa cewa ta yi an janye tayin, domin makarantar ba ta da tabbacin samun kuɗin da za ta biya su. Kafin nan Jami'ar Pittsburgh ta ɗan dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai, Jami'ar Pennsylvania kuma ta umarci wasu sassanta su rage waɗanda za su ɗauka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ɗalibi kuma ake biya? A can haka abin yake. Mai neman digirin digirgir a manyan jami'o'in Amurka, musamman a fannin kimiyya, ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake ba alawus duk wata. Amma ba sadaka ba ce. Shi ke kwana a ɗakin gwaje-gwaje yana gadin ƙwayoyin halitta, shi ke koyar da 'yan aji ɗaya, shi ke duba takardun jarrabawa, sannan ya rubuta maƙalar da sunan farfesa zai fito a kanta. Alawus ɗin nasa galibi daga tallafin binciken da farfesan ya samo daga gwamnatin tarayya yake fitowa.

Babbar rijiyar da ake ɗiba ita ce hukumar binciken lafiya ta NIH, wadda ta raba wajen dala biliyan 35 a 2023. Cikin wannan, biliyan 9 sun tafi ne ga hidimomin da bincike ba ya yiwuwa sai da su: wutar lantarki, gyaran gini, firji mai daskarar da samfuri, kiwon ɓerayen gwaji, albashin masu riƙe lissafi. Kowace jami'a tana da nata kason da ta daidaita da gwamnati. Na Harvard ya kai 69 a kan kowace 100. Ranar Juma'a 7 ga Fabrairu, 2025, gwamnatin Trump ta ce daga yanzu 15 kowa zai samu, wai za a tsimi dala biliyan 4 a shekara. Jihohi 22 suka garzaya kotu, mai shari'a Angel Kelley ta Boston ta taka wa matakin burki. Sai dai tsoro ya riga ya shiga, ga kuma soke dala miliyan 400 na Columbia da riƙe biliyan 2.2 na Harvard da suka biyo baya.

Da shugabannin jami'a suka zauna neman inda za su rage, ba su sha wahala ba. Farfesa mai kujerar dindindin ba ya koruwa, gini ba ya ɗaukuwa. Ɗaukar ɗalibi guda kuwa alkawarin ciyarwa ne na shekara biyar ko shida, kuma wanda bai zo ba tukuna ba shi da bakin yin ƙorafi.

Wanda ya riga ya shiga ma, matsayinsa irin na jemage ne, ba ya ga tsuntsu ba ya ga dabba. Hukumar ƙwadago ta ƙasar ta ce ma'aikaci ne a shari'ar Jami'ar New York a 2000, ta juya ta ce ɗalibi ne a ta Brown a 2004, ta sake dawowa kan ma'aikaci a ta Columbia a 2016. Jami'o'i sun fi son kiransa ɗalibi, hujjarsu kuwa ita ce an yafe masa kuɗin makaranta na dubban daloli. Hujjar ba ta da ƙwari sosai. Jami'ar ce ta yanka wa kanta farashin, kuma bayan shekara biyu yawancinsu ba sa shiga aji sai dai su koyar. Mai gidan haya ma ba ya karɓar yafiyar kuɗin makaranta.

Haya ɗin ce ta tunzura ɗaliban Jami'ar Kalifoniya. Ranar 14 ga Nuwamba, 2022, ma'aikatan koyarwa da bincike su 48,000 suka tsunduma yajin aiki a rassa goma na jami'ar, mafi girma da aka taɓa gani a manyan makarantun ƙasar. Abin dariyar, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW ce uwarsu. A lokacin mafi ƙarancin abin da mataimakin malami ke samu bai wuce dala 23,000 da 'yan kai ba na wata tara, a garuruwa irin su Berkeley da Santa Cruz inda ɗaki kaɗai kan lashe rabin kuɗin ko fiye. Bayan mako shida aka amince a ɗaga shi zuwa wajen 34,000 kafin ƙarshen 2024.

An yi murna, amma tallafin da ke hannun farfesoshi bai ƙaru da ko sisi ba. Kuɗin da a da ke riƙe mutum huɗu ya koma riƙe uku, sassa da dama suka rage ɗauka tun a 2023. Zaftarewar 2025 ta tarar da tukunyar dama ba ta cika ba. Ko hukumar kimiyya ta NSF, wadda ta saba ba ɗalibai kimanin 2,000 tallafinta a shekara, 1,000 ta fara sanarwa a watan Afrilun 2025.

Baƙon ɗalibi ya fi kowa jin jiki. Bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, shi ma a cikin harabar makaranta, saboda haka in tallafin farfesa ya yanke ba zai fita ya ja tasi ya cike giɓi ba. 'Yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023 zuwa 2024, da yawansu masu neman digiri na biyu da na uku da suka tafi da wannan alawus, wasu ma daga cikinsa suke aiko wa gida. Malamin jami'a a Zariya ko Kano da ke sa ran bin sahunsu da kuɗin gwamnatinsa ya tarar da waccan ƙofar ma a rufe, domin asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje tun daga Janairun 2025.