Ihu Bayan Hari: Majalisa, Bankuna da Kuɗin Adashin Gwaggo

Ranar Juma'a, 14 ga Agusta, 2009, ina zaune a teburin mai shayi a titin Kotu da ke Gyadi-Gyadi, rediyo ya kawo labarin da ya sa kowa ya ajiye kofinsa. Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda bai cika wata uku a kujerar ba, ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana guda: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union. Ya kuma zuba musu Naira biliyan 420 don kada su durƙushe.

Ban gama shan shayin ba aka aiko yaro wai Gwaggo tana kirana. Ita ce uwar adashin matan layinsu a Tarauni, kuma ni na lallashe ta ta daina ɓoye zubin a ƙasan adaka ta kai banki. Na same ta a kan tabarma da carbi a hannu. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ɗan nan, kai ka ce in kai. Kuɗin mutane suna nan kuwa?"

Na ce, "In Allah Ya yarda suna nan, Gwaggo."

Ta ce, "To wa ke duba su, tun da ni ba na ganinsu?"

Tun daga ranar nake bin amsar wannan tambaya, kuma duk inda na bi sai ta kai ni ƙofar Majalisar Tarayya.

Yadda rami ya ginu

A 2004, gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. A wannan guguwa ce Bankin Arewa, mai dogon ginin nan na titin Zariya da muka tashi muna kwatance da shi, ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas.

Bankunan da suka tsira suka wayi gari da kuɗi fiye da yadda suka saba juyawa. Maimakon su kai ga manomi da mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, da yawansu suka shiga ba da rance don a sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da rancen. Farashi ya yi ta hawa, kowa yana ganin riba a takarda. Ni kaina a 2007 na sayar da ɗan fulotina na Unguwa Uku na sayi hannun jarin wani banki, domin na ga malamai da 'yan kasuwa da 'yan fansho duk sun yi layi.

Daga Maris na 2008 kasuwar ta juya, cikin shekara guda ta rasa fiye da rabin darajarta. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekarar ta ƙare, masu shigo da mai da suka ci bashi suka kasa biya. Ga kuma bashin da wasu shugabanni suka ba kawunansu da kamfanonin 'yan uwansu ba tare da jingina ta kirki ba. Banki kuwa ba da kuɗinsa yake ba da bashi ba, da kuɗin Gwaggo ne. In bashi ya maƙale, ajiyarta ce ta maƙale.

Tambaya mai kyau, a makare

Da Sanusi ya zuba biliyan 420, ya ƙara biliyan 200 a watan Oktoba bayan sallamar shugabannin Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, 'yan Majalisar Wakilai suka miƙe. Suka ce wa ya ba shi izinin fitar da wannan dukiya ba tare da ta bi ta gabansu ba? Babban Banki ya amsa cewa rance ne da za a biya, ba kuɗin kasafi ba ne, kuma doka ta ɗora masa agaza wa banki in ya shiga ƙunci.

Ina ganin kowanne yana da gaskiyarsa. Wanda gida ke ci da wuta ba ya jiran a kira taron dangi kafin ya ɗebo ruwa. Haka kuma bai kamata mutum ɗaya, komai nagartarsa, ya juya biliyan 620 babu mai tambayarsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka yi tambayar. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisa ikon yin bincike, da kiran kowa, da neman takardu, har da sa a kamo wanda ya ƙi zuwa. Dokar Babban Banki ta 2007 ta wajabta wa gwamna bayyana a gabanta sau biyu a shekara. Dattawa da Wakilai kowanne yana da kwamitin harkokin banki. Duk wannan iko yana hannunsu a shekarun da ramin ke ginuwa, amma jami'an Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya, NDIC, su ne suka buɗe littattafan suka ga ɓarnar. Majalisa ta iso ne bayan an yi harin.

Ba zan hana ta haƙƙinta ba. Ita ta yi dokar da ta kafa hukumar AMCON a 2010, wadda ta saye munanan basussukan don bankuna su numfasa. A Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring, aka mai da su Mainstreet da Keystone da Enterprise. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari ne suka sha ɗaci, kuma abin da ya rage na fulotina bai kai kuɗin bulo ɗari ba. Shekara goma bayan haka shugabannin AMCON suna ta kukan cewa suna bin bashin da ya kai kimanin Naira tiriliyan 5, mafi yawansa a hannun manyan mutane ƙalilan. Duk abin da ba a karɓo ba, a wuyan ƙasa zai ƙare.

In mai bincike ya zama abin bincike

A Maris na 2012 Majalisar Wakilai ta zauna don gano abin da ya karya kasuwar hannun jari. Na bar shago na zauna gaban talabijin, domin shari'ata ake yi. Sai ga shugabar hukumar kula da kasuwar, Arunma Oteh, ta zargi shugaban kwamitin binciken, Herman Hembe, da neman kuɗi daga hukumarta. Ya musanta, ya sauka, aka kafa sabon kwamiti ƙarƙashin Ibrahim El-Sudi. Amma hankalin ƙasa ya riga ya koma kan rigimar, maganar ɗan fansho da jarinsa ya ƙone ta bi ruwa.

A Amurka, bayan rugujewar kasuwarsu ta 1929, kwamitin banki na Majalisar Dattawa ya ɗauki wani lauya, Ferdinand Pecora, wanda ya zauna da tawagarsa suka karance littattafan bankuna kafin su kira kowa. Da aka zo zama a 1933, tambayoyinsa da lambobi suke tafe. A shekarar aka yi dokar da ta raba bankin ajiya da cacar hannun jari, aka kuma kafa inshorar ajiya. Darasin a fili yake: ɗaga murya a gaban kyamara ba ya razana ma'aikacin banki, wanda ya karanta littafinsa ne yake sa shi gumi.

Mun sake gani a 2023. Lokacin canjin kuɗi, da mutane ke kwana a layin na'urar cirar kuɗi, masu POS a Farm Centre suna sayar da Naira da Naira, kwamitin Majalisar Wakilai da Alhassan Ado Doguwa ya jagoranta ya yi ta kiran gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele. Sai da aka yi barazanar sammacin kama shi sannan ya bayyana ranar 31 ga Janairu. Wannan amfani ne da iko yadda ya dace, kuma mun ji daɗinsa. Amma a shekarar ce Majalisa ta amince da bashin Naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci a Babban Banki, alhali sashe na 38 na dokar bankin ya ƙayyade irin wannan bashi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Bashin ba dare ɗaya ya taru ba. Tsadar masara da shinkafa a kasuwar Tarauni tana da alaƙa da wannan shiru na shekaru.

Abin da ya rage gare mu

Ranar 3 ga Yuni, 2024, aka soke lasisin Heritage Bank. Inshorar NDIC tana biyan mai ajiya har Naira miliyan 5. Wanda nasa ya haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko mai shagon waya ya san miliyan 5 ba ta cika kwali nawa ba. A Maris na 2024 kuma Babban Banki ya sake umartar bankuna su ƙara jari, biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya. Ke nan kuɗi za su sake taruwa a hannunsu kamar bayan 2005, kuma mun ga abin da ya biyo bayan wancan.

Tarauni tana da kujerarta a Majalisar Wakilai, Kano ta Tsakiya tana da sanata. Mun saba zuwa wurinsu da takardar asibiti da neman aikin yara. Ina roƙon mu ƙara da tambaya uku. Ranka ya daɗe, gwamnan Babban Banki ya zo gabanku sau biyun da doka ta ce, kuma me kuka tambaye shi? Su wa AMCON ke bi bashi, nawa aka karɓo bana? Rahoton binciken da kuka yi da kuɗinmu yana ina, za mu iya karanta shi?

Gwaggo ta karɓi kuɗin adashinta cif, ta raba wa masu kwasa, ta kuma ci gaba da kai zubi banki har Allah Ya yi mata rasuwa. Yanzu 'yarta ce ke riƙe da littafin, kuma ta waya matan layin suke turo zubinsu. Duk safiya in na bi titin Zariya na ɗaga kai na ga ginin Bankin Arewa, sai in tuna cewa banki mai wannan tsayi ma yana iya ɓacewa. Wanda zai duba wa matan nan kuɗinsu tun kafin hari, mu muka ɗora shi a kujera da ƙuri'armu, kuma ba zai buɗe littafin banki ba sai ya san za mu tambaye shi abin da ya gani.