Me Ya Sa Kebul Ke Yin Sako-sako a Ramin Caji? Yadda Ake Ƙera Haƙoran da Ke Riƙe Wuta

A shagunan caji na Birnin Gwari ba a rasa wayar da aka naɗe ta da kebul ɗinta, ko aka ɗaure da roba, ko aka dogare da ɗan dutse don kada cajin ya yanke. Mai wayar ya biya kuɗin caji, ya dawo bayan awa uku, ya tarar batirin bai kai rabi ba. Sau da yawa caja lafiyarta lau, batiri ma haka. Matsalar tana daidai inda kan kebul ke haɗuwa da ramin waya, wurin da faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba.

A wannan yanki waya ba kayan ƙawa ba ce. Da ita ake tambayar halin da hanyar Kaduna ko ta Funtuwa ke ciki kafin a kama tafiya, da ita manomin da ke gona a bakin dajin Kamuku ke sanar da gida yana lafiya, da ita ake karɓar kuɗin masara. Waɗanda suka ga lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙarshen Satumban 2021 sun san zaman da babu waya. Don haka yana da kyau a san abin da ke riƙe wannan 'yar mahaɗa, da abin da ke kashe ta.

Abin da ke cikin ramin

Wanda ya haska ramin USB-C da tocila zai ga wani siririn harshe a tsakiya. A jikinsa akwai gurbin haƙoran ƙarfe 24, sha biyu a sama sha biyu a ƙasa, tsakanin kowanne da na kusa da shi rabin milimita kacal. An fitar da tsarin USB-C a 2014. Wanda ya gabace shi, wato Micro-USB na 2007 da har yanzu ke jikin ƙananan wayoyi da yawa, haƙora biyar gare shi.

Aikin injiniya a nan kashi uku ne: haƙoran su zauna daram a gurbinsu, su riƙa danna abokan haɗinsu da ƙarfi daidai, sannan kan kebul ya kama ramin kada ya zame.

Na farko: dasa haƙora

Hanya biyu aka fi bi. Ko dai a yi wa kowane haƙori 'yan ƙayoyi a gefe masu kama da na ƙugiyar kamun kifi, a tura shi cikin roba ya shiga amma ya kasa fitowa, ko kuma a jera haƙoran a cikin mazubi a kwararo narkakkiyar roba a kansu, ta daskare ta riƙe su. Robar ba irin ta bokiti ba ce. Ana amfani da wadda ake kira LCP, domin tana jure zafin da ya kai digiri 260 lokacin da ake liƙa ramin a allon waya, wanda masu gyara ke kira fanel.

Shi kansa ramin yana cikin gidan ƙarfe mai ƙafafu. A ƙira mai kyau ƙafafun suna ratsa hudojin allon kafin a liƙe su da dalma, ta yadda idan aka fizgi kebul, gidan ƙarfen ne ke ɗaukar nauyin, ba haƙoran ba. Inda aka liƙa ƙafafun a saman allo kawai, girgiza da fizga kan tsage dalmar a hankali.

Na biyu: dannawa

Ƙarfe biyu da suka taɓa juna ba sa haɗuwa gaba ɗaya. Ko da sun yi sumul a ido, 'yan tudu-tudu ne kawai ke taɓa juna, kuma ta nan wuta ke bi. Shi ya sa ake lanƙwasa haƙoran kan kebul su zama sifirin, su danna na cikin waya. Ana yin su da gaurayen jan ƙarfe mai komawa yadda yake bayan an lanƙwasa shi, a shafe shi da nikel, sannan a ɗora zinare da kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ba don ado ake sa zinaren ba, sai don ba ya tsatsa.

Idan dannawar ta yi rauni, wuta na shan wahalar wucewa, wahalar kuma zafi take zama. Ƙa'idar USB-C ta ce turjiyar sabon haƙori kada ta wuce 0.04 na om. Idan amfiya 3 ta bi ta nan, zafin da za a samu bai kai rabin wat ba. Amma idan datti ko tsatsa suka kai turjiyar rabin om, zafin zai kai wat 4.5 a wuri ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa. Wannan ne ke sa kan kebul yin zafi, robarsa ta yi baƙi, wani lokaci har ta narke.

Na uku: kamu

Ɗan sautin “ƙas” da ake ji idan kebul ya shiga, daga wasu ƙugiyoyi biyu yake fitowa. A USB-C suna cikin kan kebul, dama da hagu, suna faɗawa cikin 'yan lungu a gefen harshen nan. A Micro-USB kuwa su ne 'yan ƙayoyi biyun da ake gani a bayan kan kebul. Ƙa'ida ta ce cire sabon kebul na USB-C ya buƙaci ƙarfin Niwton 8 zuwa 20, wato kamar nauyin ledar fiya-wata biyu zuwa huɗu.

Akwai hikima a nan: an sa sifirin da ƙugiyoyin a jikin kebul, domin su ne ke gajiya, kuma sauya kebul ya fi sauya rami sauƙi da araha. Lightning na Apple, wanda ya fito a 2012, ya bi akasin haka: sifirin ɗinsa na cikin wayar. Kamfanin ya koma USB-C daga iPhone 15 a 2023.

Inda lissafin masana'anta ke cin karo da daji

An ƙera Micro-USB da USB-C su jure sakawa da cirewa sau 10,000. Mai jona waya sau biyar a rana zai shekara biyar da rabi kafin ya kai adadin. Amma kebul ɗin shago da ake jonawa sau 30 a yini zai cinye adadin kafin shekara ta zagayo. Kuma gajiyayyen kebul mai lanƙwasassun haƙora yana iya lahanta ramin wayar da aka jona masa.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ƙasan ramin, duk sakawa kuma ƙara danƙare su take. Da sun yi kauri, kan kebul ba ya kai ƙarshe, ƙugiyoyin ba sa kamawa. Ramuka da dama da ake cewa sun mutu, toshewa kawai suka yi.

Sai girgiza. Wayar da ke caji a aljihu ko a jikin babur a hanya mai gargada, haƙoranta na goga juna dubban lokuta. Gugar na cinye zinaren, ƙarfen ƙasa ya fito ya yi tsatsa, gumi da danshin damina su ƙarasa aikin. Don haka ne mahaɗar wayoyin wutar babur da mota ke da maƙalli, ita kuma MC4 ta farantan sola ake kulle ta har sai da ɗan makulli ake buɗewa. Waya ba ta samu irin wannan kulle ba da gangan: gara kebul ya fice idan an yi tuntuɓe da shi, da ya jawo wayar ƙasa.

Abin da mai waya zai kiyaye

- A kashe wayar kafin a share rami, a yi amfani da tsinken sakace a hankali. Allura da fil na iya haɗa haƙora ko karce su.
- A riƙe kan kebul a ja shi miƙe, ba igiyar ba.
- A daina ɗaure kebul a karkace. Dabarar na aiki yau, amma tana ɓamɓare ramin daga allo.
- Mai hali ya tafi shagon caji da kebul ɗinsa.
- Kada a jona waya idan ramin na da danshi.
- Idan kan kebul ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, a cire shi nan take.
- Araha ba ta ado: kebul ɗin da ke rawa tun yana sabo, ko wanda bai yin “ƙas”, a bar wa mai shi.

Idan an share rami, an gwada sabon kebul mai kyau, amma har yanzu sai an karkata shi yake caji, to dalmar ciki ce ta saki. A kai wa mai gyara tun kafin ta taɓa allon, domin a wayoyi da yawa ramin na kan wani ƙaramin allo ne daban, wanda sauya shi bai kai kuɗin sabuwar waya ko kusa ba.