Bizar mawaƙa da makaɗa: wace takarda ce ke kai su Turai da Amurka?

Tambaya ɗaya ce ke yawan dawo mana daga ƴan'uwa mazauna Faransa, Beljiyam da Amurka: in muna son kawo mawaƙi daga gida ya yi mana wasan Sallah ko na biki, wace takarda za a nema? Daga ƙauyuka kuma tambayar daban take: an ce wa yaronmu ya kawo kuɗi a sa sunansa cikin ƴan amshin wani mawaƙi mai tafiya Turai, gaskiya ne? Amsar tambayoyin biyu a wuri guda take.

Mu a Madarunfa ba mu saba da wannan wahala ba. Mawaƙi ya taso daga Kano da safe, ya biyo Katsina da Jibiya, ya shigo ta Ɗan Isa, da dare yana wasa a Maraɗi. Fati Nijar ɗiyar Maraɗi ce, a Kano ta yi suna, ba wanda ya ga abin mamaki. Abin da ya sauƙaƙa haka yarjejeniyar CEDEAO ce ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku har sai ta sake sanarwa.

Da an ƙetare teku, zance ya canza. A idon Turawa, wanda ya hau dandali aka biya shi, aiki ya yi, ko da waƙa ɗaya ya rera. Mai kalangu ma'aikaci ne, mai kyamara ma'aikaci ne, har yaron da ke haɗa wayoyin lasifika. Bizar ziyara kuwa ta gaishe da dangi ce da buɗe ido. Nan ne ƴan'uwanmu na waje suka fi tuntuɓe: a aiko wa mawaƙi takardar gayyata a matsayin baƙo, a kama zaure, a sayar da tikiti, a baza sanarwa a Facebook. Jami'in filin jirgi ma yana da Facebook. In ya gani, jirgin da ya kawo mutum shi zai mai da shi, sunansa kuma ya ɓaci a takardunsu.

Faransa da maƙwabtanta na yankin Shengen suna ba da biza ta gajeren zama, kwana 90 cikin kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne, jika 59 ke nan da ɗan ɗoriya, kuma in an hana ka ba a mayar maka ko dala. Ana neman inshorar lafiya mai ɗaukar yuro 30,000, da kwantaragin wasan, da shaidar masauki, da abin da zai nuna kana da dalilin dawowa gida. A Faransa, tun 2016 an ɗauke wa masu wasa da ma'aikatan da ke tare da su neman izinin aiki in zaman bai wuce wata 3 ba. Wannan sassauci ne, amma bai ɗauke bizar ba, bai kuma ɗauke wa mai gayya nauyin rubuta su a hukumance ya biya su haƙƙinsu ba.

To sai dai ƙofar ta tsuke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai. A watan Satumba na shekarar aka aike wa gidajen wasannin Faransa da umurnin dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar, Mali da Burkina. Masu fasahar can suka yi ca, har shugaba Macron ya fito ya ce ba a kori kowa ba. Amma bizar ba ta dawo ba, a farkon Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai.

Ingila nata tsari daban ne, bizar Shengen ba ta shiga can. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce wani gidan wasa ko kamfani mai lasisi ya tsaya wa mutum ya ba shi lambar shaida, sannan ya nemi bizar ma'aikacin fasaha, wadda kan kai wata 12. Ko manyan ƙungiyoyi ba su tsira ba. A 2018 an hana wasu ƴan Tal National ta Yamai zuwa bikin WOMAD, ga gayyata a hannu, ga sunansu a jerin masu wasa. Peter Gabriel, ɗaya daga waɗanda suka kafa bikin, ya fito fili ya koka.

Amurka ce ta fi tsada da tsawon hanya, kuma a nan muke son masu yara su buɗe kunne. Mawaƙi ba ya nema wa kansa. Wanda ya gayyace shi a can, ko wakilinsa, shi ke shigar da buƙata ga hukumar shige da fice da takardar da ake kira I-129. Akwai P-3 ga masu fasahar gargajiya, irin su gurmi, goge ko kalangu. Akwai P-1B ga ƙungiyar da ta yi suna a duniya, da sharaɗin kashi 75 cikin 100 na mutanenta sun shekara tare. Akwai O-1B ga wanda ya yi fice shi kaɗai. Masu kayan sauti da sauran ma'aikata ana shigar da tasu buƙata daban, sai an nuna cewa wasan ba zai yiwu ba in ba su. A watan Afrilun 2024 kuɗin buƙatar P ya tashi daga dalar Amurka 460 zuwa 1,015, sama da jika 500 ke nan, kuma buƙata ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mutum 25. In an amince, kowa zai biya 205 ya je a yi masa tambayoyi ido da ido, inda har yanzu ana iya ce masa a'a.

Duk wannan bayani ne na tsari. Ga mai fasfon Nijar, a watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da aikin biza, daga 1 ga Janairun 2026 kuma Nijar ta shiga jerin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka, in ban da ƴan kaɗan da aka keɓe. Ƙasar da Bombino da Mdou Moctar suka yi shekaru suna cika zaurukanta ke nan. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce yana da hanyar kai yaronku Amurka cikin ƴan kiɗa, ku riƙe kuɗinku.

Dabarar ma tsohuwa ce, jami'an biza sun san ta sarai. Papa Wemba, babban mawaƙin Kwango, an kama shi a Faransa a 2003 bisa zargin shigo da mutane da sunan ƴan ƙungiyarsa ana biyan kuɗi. Ya yi sama da wata 3 a kurkuku, kotu ta same shi da laifi a 2004. Shi dai ya fito ya ci gaba da waƙa, amma makaɗan Kwango na gaskiya sun daɗe suna shan tuhuma a ofisoshin biza. Rijiya ce mutum ɗaya ya ɓata, gari duka ya kwana da ƙishirwa. A ganinmu tsadar nan da tsaurin nan sun yi wa masu fasahar Afirka yawa, tunda mawaƙin Turai kan zo mana cikin sauƙi. Amma mai sayar da gurbin ɗan amshi shi ma yana ƙara wa ƙofar sakata.

Ga mai gayya na gaskiya, aikin daga can yake farawa. A samu ƙungiya mai rajista ko gidan wasa ya rubuta kwantaragi da kwanan wata, da wuri, da abin da za a biya kowa. A rubuta sunan kowane mutum da aikinsa, harafi da harafi yadda yake a fasfo, don Mahamadu a nan, Mohamed a can ya isa ya jinkirta tafiya. Fasfon ya kasance da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar dawowa. Ana ajiye takardu a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta. Dokar Shengen ta yarda a ajiye su tun wata 6 kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai 45. Wanda ke son mawaƙi ya iso masa da Babbar Sallah, kafin azumi ya kamata takardun su kasance a hannun ofishin.