Yaro Mai Haki a Ɗakin Shan Magani na Matameye

Duk wanda ya zauna da hantsi a barandar wani ɗakin shan magani a Matameye, sa'ad da mata ke isowa daga ƙauyukan ƙasar Kance, wasu bisa amalanke wasu a ƙasa, zai tarar galibin abin da ake kawowa zazzaɓin sauro ne da tamowa da tari; amma jefi-jefi akan shigo da yaro wanda jikinsa ba zafi, illa dai in ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna yana haki, wani zubin har ya suma. Uwar takan ce, "Malam, fuka ce ko iska?" Malamin asibitin kuwa in ya saurari ƙirjin ya ji wata ƙara tana bin kowane bugu, amsarsa ita ce, "Inna, sai Damagaram, a yi hoton zuciya."

Asalin mas'alar kuwa, Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙyaure mai marafai uku a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Amma cikin mutum ɗari akan haifi ɗaya ko biyu da marafai biyu kacal, kuma ko da yake da yawansu sukan manyanta ba su sani ba, a wasu ƙofar takan ƙuntata tun ƙuruciya, har tsokar zuciya ta yi kauri saboda wahalar tura jini.

A ganina, alherin ɗan talaka yana ga gyaran ƙyauren, ba musanya shi da na ƙarfe ba, domin ƙyauren ƙarfe ba ya girma tare da yaro, kuma yana wajabta shan maganin tsinka jini iyakar rayuwa da awon jini a kai a kai, abin da manomin gero, wanda damina kan yanke wa hanya, ba zai iya dawwama a kansa ba. Likitoci kan buɗe ƙofar da 'yar balan-balan ta cikin jijiya, ko su yi fiɗa su raba marafan da suka manne, su yi faci da tantanin da ya lulluɓe zuciyar. In gyaran ya faskara, akwai dabarar likita Donald Ross ta 1967, inda ake ɗauko ƙyauren jijiyar huhun yaron a dasa a gurbin mai cutar.

Wannan aiki yana nesa da Matameye. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque tana kai yara Faransa don aikin zuciya tun 1996, amma wanda aka gano cutarsa shi ake kaiwa. Saboda haka muna roƙon hukuma da masu hali su kawo na'urar hoton zuciya kusa da talakawa, iyaye kuma kada su jinkirta da yaro mai haki.