Na'ura a Cikin Amya: Me Take Tsinana wa Masu Kiwon Zuma da Hunturu?

A arewacin Amurka da Turai, da zarar sanyi ya kankama, mai kiwon zuma ba ya ganin halin da dukiyarsa ke ciki. Ƙudajen kan dunƙule wuri guda, sarauniya a tsakiya, suna karkaɗa tsokar fikafikansu don samar da ɗumi, suna cin zumar da suka tara. Buɗe amya a wannan lokaci ganganci ne. Da can sai dai mutum ya kara kunne a jikin akwatin, ko ya ɗan ɗaga shi ta baya ya ji nauyi.

Asara ce ta tura jama'a ga na'ura. Tun hunturun 2006, masu kiwo a Amurka kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na amyoyinsu a lokacin hunturu a yawancin shekaru. Ga kuma gonakin almon na Kalifoniya da ke hayar amya kimanin miliyan biyu duk watan Fabrairu domin barbarar fure, kuma amya mai rauni ba ta da farashi. Da batir da wayar salula suka yi araha, kamfanoni irin su BroodMinder da BeeHero suka shigo kasuwa da ma'aunin zafi da na danshi da ake sakawa a ciki, da sikelin da ake ɗora amya a kai.

Amfaninsu a fili yake. Idan nauyi na zubewa da sauri, abinci ya kusa ƙarewa, sai a kai musu sukari kafin yunwa ta gama da su. Idan zafi ya tsaya wajen digiri 35, sarauniya ta koma saka ƙwai, ci zai ƙaru. Danshi kuwa, wanda sababbin shiga ke rainawa, ya fi sanyin kansa kisa: gumi ya taru a murfi, ya ɗiga kan ƙudaje, su sandare.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne kwanciyar hankalin da lambobin ke jawowa. Babban makashin amya ba yunwa ba ce, wata 'yar kaska ce mai suna Varroa, wadda ta shiga Amurka a 1987, tana tsotsar ƙudaje tana yaɗa musu cuta. Ɓarnarta tun ƙarshen bazara take yi, lokacin da ake ƙyanƙyasar ƙudajen da za su ratsa hunturu. Kafin zafin amya ya faɗi a allon waya a watan Janairu, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ma'aunin ma kan ruɗar da mutum: idan dunƙulen ya matsa nesa da shi, sai ya nuna sanyi alhali ƙudajen na nan da ransu.

Tsada ma ta raba masu kiwo biyu. Mai amya dubbai, na'urar na rage masa kuɗin mai da zirga-zirga. Mai amya goma kuwa, idan kuɗinsa ba zai isa sayen na'ura da yaƙar kaska duka ba, gara ya fara kashe shi a kan ƙirga kaska da yi mata magani a watan Agusta.