Za ka hau Kufena? Bar dafa-duka a gida, nemi ƙuli-ƙuli

Ka ga hotunan a Instagram: samari da 'yan mata a saman Dutsen Kufena, ga Zariya can ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma. Ka ce wallahi Asabar ɗin nan da kai za a je. Takalmi ya samu, waya ta cika da caji. To, me za ka ci?

A nan da yawanmu muke tafka kuskure. Ranar da na fara bin abokai hawan dutse, dafa-duka muka zuba a roba da salak mai mayonis tun bakwai na safe, ba mu buɗe ba sai bayan Azahar. Daren nan biyu daga cikinmu a gadon asibiti suka kwana, ana musu ƙarin ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne: kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin firiji ba. Yanzu ka auna jakar da ke manne a bayanka, rana na dukanta tun safe. Ƙwayoyin cuta sun samu gidan biki.

Maganin ba ya da nisa, yana bakin kasuwa. Fataken da suka yi ta keta daji wata da watanni ba su san firiji ba, busasshen guzuri suka sani. Ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa suna riƙe ciki. Dabino yana dawo da ƙarfi nan take idan gwiwa ta fara rawa. Aya ba ta da nauyi. Kilishi ma ya yi, amma ka ci kaɗan, don yajinsa na jawo ƙishirwa. Garin kwaki da sukari kuwa, kai ɗalibi ba sai an koya maka ba. Fura da nono fa? Sha abinka kafin ka fita, a jaka tsami za ta ƙara.

Sai babban abu: ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, shi ya sa wasu ke rage shi su cusa lemon kwalba. Kar ka soma. Ɗauki aƙalla lita 2, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama ka. Jefa ƙunshin ORS ɗaya ko biyu a aljihu saboda gudawa.

Wajen shiryawa, mai nauyi ya zauna a tsakiya, jikin bayanka. Abin taɓawa a aljihun sama, yadda ba sai ka zazzage jaka ba. Juye komai a leda mai ƙulli, ka bar kwalbar gilashi a gida.

Idan kwana za ku yi, ku ƙara taliyar 'yan yara, ganyen shayi, madarar gari da ashana a leda. Ruwan rafi sai ya tafasa sosai na minti ɗaya kafin a sha. Ku rufe abinci da daddare, kiyashi ba sa jiran gayyata.

Kuma don Allah, ledar da ka hau da ita, ka sauko da ita. Hoton zai fito ko da ƙuli-ƙuli a bakinka, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.