Kulle Wi-Fi na gida da haƙƙin maƙwabci

A gidajen haya da ɗaki ke jingine da ɗaki, siginar rauta ba ruwanta da katanga. Maigida ya sayi data ta wata guda, kafin mako biyu ta ƙare, sai ya hau yaransa da faɗa, alhali wayoyin tsallaken bango ne ke sha daga rijiyarsa. Sau da yawa ma ba kutse aka yi ba. Yaron gida ne ya ba abokinsa kalmar sirri, abokin kuma ya nuna wa wasu lambar QR, wadda wayoyin Android ke fitarwa tun 2019, duk wanda ya haska ta da kyamara ya shiga.

Da yawa daga cikinmu muna jin nauyin rufewa, muna ganin kamar rowa ce ga maƙwabci, wanda addini ya girmama haƙƙinsa. A ganinmu babu rowa a nan. Data dukiya ce da aka saya da kuɗi, kuma sanannen abu ne a fiƙihu cewa ba a amfani da dukiyar mutum sai da yardarsa. Wanda ya tarar da layi a buɗe ya shiga, bai nemi wannan yardar ba. Akwai kuma abin da ya fi asarar data nauyi: layin da ke cikin rautar da sunan maigida aka yi masa rajista, kuma tun Disamban 2020 hukumar NCC ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN. Idan wani ya yi damfara ko ya yaɗa ƙazafi ta wannan layin, ƙofar maigida za a fara ƙwanƙwasawa.

Makullin rauta guda biyu ne, mutane kuwa ɗaya suka sani. Bayan kalmar sirrin shiga Wi-Fi, akwai ta shafin sarrafa na'urar, wanda ake buɗewa a burauza da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, galibi a rubuce yake a bayanta. Na'urori da dama daga kamfani suke zuwa da "admin", kuma haka ake barin su. Duk wanda ya kai wannan shafin yana iya ganin kalmar sirrin ko ya canza ta, har ya kori mai gidan daga layinsa. Saboda haka wannan makullin za mu fara sauyawa.

A shafin ne kuma za a zaɓi tsarin tsaro na WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018. Tsohon WEP ya daɗe da karyewa. A kashe WPS, domin tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ana iya cankarta cikin gwaji kusan 11,000. Kalmar sirri ta yi tsawo, kada ta zama lambar wayar maigida ko sunan auta, abin da duk unguwa ta haddace. Sai a riƙa leƙa jerin wayoyin da ke haɗe, a ƙirga su da na gida.

Idan kuwa akwai ɗalibin maƙwabta da ke buƙatar sauraron karatu ko cike fom, rautoci da yawa suna da layin baƙi mai kalmar sirrinsa daban. A buɗe masa shi, a gaya masa kada ya ba kowa, a riƙa canza kalmar duk wata idan an sabunta data.